Zuwa Ga Wanda Ya Tafi Da Famfon Tsattsewa

Zuwa ga Mai Girma, Mai Alfarma, Jakadan Gidan Marigayi Malam Umaru Makanike a Ƙasashen Kudu, Wakili Mai Cikakken Iko kan Harkokin Sayo Kayan Gyara, Jagoran Tawagar Mutum Ɗaya da aka tura aikin mako biyu ta kuma shiga shekara ta huɗu ba ta gabatar da rahoto ba, wato yayana uwa ɗaya uba ɗaya, Bashar.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da durƙuso irin wanda ya wajaba a kan ƙane ko da gwiwarsa ba ta so, ina fatan wannan takarda za ta riske ka cikin ƙoshin lafiya da yalwar arziki. Mu nan Nassarawa ta Birnin Kebbi muna nan yadda ka bar mu, sai dai mun ragu da mutum ɗaya, kamar yadda aka sanar da ofishinka a kan lokaci.

Ka gafarce ni da na shimfiɗa maganar gida a dandalin jama'a. Na kira lambarka har na hardace muryar baiwar Allahn nan da ke ba da haƙuri cewa ba a same ka ba. Na aika saƙo ta bakin direbobi, na aika ta bakin 'yan albasa, na aika ta bakin wani mutumin Gesse da ya rantse ya yi sallar Juma'a sahu ɗaya da kai. Babu amsa. Amma an tabbatar mini cewa duk abin da aka rubuta a nan kana karantawa, shiru, kamar mai leƙen gidan biki ta kan katanga. To ga ta nan. Masu karantawa ta bayan kafaɗata kuwa, na ba su izinin zama, ban ba su izinin sa baki ba.

Ina sanar da kai a hukumance cewa saura wa Tsattsewa kwana tara a duniya.

Idan har nisan wuri ya shafe maka sunan, Tsattsewa ita ce jar motar Baba mai ƙofa biyu, mai dogon hanci, wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa. Wani injiniya baƙo da ya yi aikin ban ruwa a fadamar shinkafa ne ya bar wa Baba ita tun kafin a haife mu, saboda a duk yankin nan Baba kaɗai ya iya sauraron ciwonta. An ƙera ta don gudu a ƙasar da titi ba ya da rami, sai ƙaddara ta kawo ta gidan mutum goma sha ɗaya da kujera biyu rak. Ka tuna abin da Inna ke faɗi duk lokacin da ta ga ana goge ta: “Wagga mota ko akuya ba ta ɗauka, sai hwankama.”

Kowace Asabar Baba kan fito da ita zuwa Argungu, ya gaida Kawu Garba yayan Inna, ya kuma zauna hira da amininsa Malam Hantsi mai gyaran injin ban ruwa. Kujerar gefe bi da bi ce a tsakaninmu 'ya'ya. Wanda layi ya zo kansa, tun Alhamis yake wanke rigarsa, kuma ba a iya aikensa ko ƙofar gida saboda girman kai.

Ka kuma san randar Tsattsewa, wadda ke ƙarƙashin indararon ɗakin Baba. Ruwan sama kaɗai ke shiga cikinta, shi ma sai an tace da farin ƙyalle. Baba ya haramta wa motar ruwan rijiya, ya ce yana barin farin gishiri a cikin inji. Ya haramta mata ruwan gulbi, ya ce, “Wancan na albasa na.” A gidanmu ana iya shan ruwan maigida a yafe maka, amma wanda ya tsoma moɗa a randar mota ya san ya shiga shari'ar da babu ɗaukaka ƙara.

Yanzu bari in karanto maka tuhuma, tunda ba ka tsaya an karanto ta a gabanka ba.

Shekara huɗu da suka wuce abokinka ya yi aure a Argungu, Baba ya miƙa maka makulli, abin da bai taɓa yi wa wani ɗa ba. Ya yi haka ne domin kai ne mai hannu. Kai ya koya wa riƙon sifana, kai ya nuna wa yadda ake gane ciwon inji da kunne. Ni kuwa tun ina ƙarami ya juya tafin hannuna ya ce, “Wanga hannun alƙalami na,” ya kuma sallame ni daga gareji har abada, shi ya sa yau nake koyar da 'yan aji uku. Sharaɗi ɗaya ya kafa maka: ka tafi da jarkar ruwan randa. Ka bar ta a zaure, domin abokinka ya sami wurin miƙe ƙafa.

A hanyar dawowa ta tafasa, daidai bakin fadama. Ka sauka, ka ari gwangwani hannun wani manomi, ka kamfato ruwan kwalbatin albasa da yashinsa da lakarsa, ka ɗura mata. Sannan ka taka ta da ƙarfi har Birnin Kebbi don kada abokan ango su riga ka isowa. Kafin mako ya zagayo, famfon ruwa, ƙarfen nan da ke gaban inji yana zagayawa da ruwa tsakanin inji da lagireto don kada ya ƙone, ya fara kuka kamar ƙofar langa-langa, ruwa kuma na ɗiga ta ɗan ramin da ke ƙasansa.

Ina tsaye lokacin da Baba ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin famfon, ya kafa kunnensa a ƙotarta, ya rufe ido. Da ya ɗago bai dube ka ba. Cewa ya yi, “Yashi ya ci sil, boris ya hwara kuka. Ba komi. Asabar Hantsi shi duba muna shi.” Wato abin da ke hana ruwa ɗiga ya cinye, ƙarfen da sandar famfon ke juyawa a cikinsa ya lalace. Ya kwance famfon, ya wanke da kananzir, ya ajiye a kan faranti kamar abincin baƙo. Bai zage ka ba, bai ɗaga maka murya ba. Na daɗe ina tunanin da ya zage ka, da watakila har yau kana gida.

Sai ka tashi ka gabatar da jawabinka mai tarihi. Ka ce wannan zamani ba a gyaran famfo, canjawa ake yi. Ka ce a babbar kasuwar kayan gyara ta kudu babu ƙarfen da aka taɓa ƙerawa a duniya da ba a samu. Ka ce laifinka ne, kai za ka ɗauki nauyinsa, sabo dal za ka kawo a cikin kwali. Amsar Baba gajeriya ce: “Ƙarhen ga ya girme ka, kuma bai taɓa yi min ƙarya ba. Bar shi nan.”

Ba ka bar shi ba. Ranar Alhamis da hantsi, Baba ya tafi jana'izar wani maƙwabci, ka naɗe famfon a buhu ka hau motar albasa. Ka gaya wa Inna da shi za ka tafi a matsayin samfur, kuma ba ƙarya ka yi ba, domin kowa ya san masu kayan gyara ba sa aiki da kwatance: sai ka ɗora tsohon ƙarfe a kan teburinsu, su juya shi, su kara da nasu. Ka ce mako biyu.

Ya Mai Girma Jakada, mako biyunka sun fi na kowa albarka.

Ga abin da ya gudana bayan tafiyarka, don cikar rahoto. Baba ya toshe ramin da famfon ya bari a gaban inji da tsumma mai mai. Kowace Asabar, a daidai lokacin da ya saba tada ta, sai ya buɗe gabanta, ya sa babbar sifana ya juya injin da hannu sau bakwai don kada ya daskare. Da tayoyi suka fara kwanciya, ya ɗage ta ya ɗora a kan duwatsu. Damina biyu yana tace ruwa yana cika randa, don motar da ba ta da inda ruwan zai bi.

Abokan sana'arsa sun sha ba shi shawarar ya nemi wani famfon, ko ya ɗaura mata na wata motar da dabara. Mutumin da ya iya tada injin da kowa ya sallama, wannan bai gagare shi ba. Amsarsa ɗaya ce, kullum: “Na aiki ɗana.” Bai aike ka ba, Yaya. Ni shaida ne, Inna shaida ce. Amma ya gwammace ya ce ya aike ka da ya ce ka tafi, kuma ya san ranar da ya nemi wani famfo, ranar ya yarda ba za ka dawo ba. Haka ya zauna a kan bencin da ke gefenta shekara biyu, fuskarsa na kallon bakin titi, har ranar da aka ɗauke shi daga kan bencin zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa makwancinsa.

Mun sami saƙon ta'aziyyarka. Saƙon murya ne, bai cika minti ɗaya ba, kuma rabinsa ƙarar ham ɗin motoci ce. Ka ce kana nan tafe in sha Allahu. Inna har yau tana sa ni in kunna mata shi. Takan saurara har ƙarshe, ta ce, “Ka ji ko? Shina tahe.” Ni kuma in ce na ji, domin wannan yana cikin ayyukan da ka bar mini ba tare da takardar miƙa mulki ba.

Yanzu ga halin da ake ciki. Baffa Sahabi, ƙanen Baba, wanda ragamar gida ta koma hannunsa, zai gina shaguna a inda rumfar Tsattsewa take. An riga an zube yashi da bulo. Laraba ta mako mai zuwa magina za su fara haƙa. Ya kirawo 'yan gwangwan sun zo sun gan ta. Ɗayansu ya ƙwanƙwasa ƙofarta da ƙarfe yana jin kauri, wani ya zauna a kan hancinta yana cin rake. Da na yi magana, Baffa ya ce, “Kai malamin makaranta, gawa wanka aka yi mata, ba gadi ba.” Da na roƙi Kawu Garba ya ba ta mafaka a gidansa na Argungu, inda yake da rumfa babu kowa ciki, ya kafa nasa sharaɗin: “Ba ni aje mushe gidana. In ta taho da ƙahwahunta kamar yadda Umaru ka kawo ta, bismillah. In jawo ta za a yi da igiya, ku tsaya da ita can.” Saboda haka magana ta tsaya a nan: ko ta tashi ta kai kanta Argungu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ko a yanka ta a ɗora a sikeli.

Wannan wa'adi tun farkon damina aka ba ni shi, kuma ina so ka san abin da hannun alƙalami ya yi da shi.

Na fara da shagon Oga Obinna, mai kayan gyara na bakin kasuwa, wanda aka haifa a Nassarawa kuma Hausarsa ta fi tawa ɗanɗanon Kabi. Na tsaya a gabansa na yi masa bayani mai tsawo, da gabatarwa da kammalawa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Ɗan Malam Umaru, ina samfur? Ni ba boka ba na.” Na ce samfur yana ƙasar waje tare da jakada. Ya yi dariya har ya dafa tebur, daga nan ya daina, domin ya tuna da Baba. Ya rufe shagonsa da rana tsaka ya biyo ni gida.

Ya ce in nemo takardar buhun siminti. Ya zare tsumman Baba daga ramin, ya shafa baƙin mai a fuskar wurin, ya manna takardar, ya riƙa bin gefe-gefe da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali, har siffar famfon ta fito a jikin takarda da ramukan notinta duka. Ya ɗaga ta sama ya ce, “Ubanka ya koya min wanga, shekarar da nib buɗe shago. Ga samfur.” Na tsaya ina kallon inuwar ƙarfen da ka tafi da shi, a jikin buhun siminti.

Ya aika hoton takardar ga 'yan'uwansa na kasuwanni. Famfo na farko da ya iso, ramukansa a juye suke. Na biyu kuwa, da alama na motar ɗaukar shanu ne. Ka lura, Mai Girma, har daga kasuwar da ka ce babu abin da ba a samu aka amsa mana cewa an daina ƙera irinsa tun kafin a yi maka kaciya. Na uku ya fito ne daga wata makabartar motoci a ƙetaren iyaka, ya shigo ta Kamba a bayan babur. Ba ya juyawa ko kaɗan. Tsatsa ta cinye fuskarsa, zanzaro ya yi gida a cikinsa. Amma da muka ɗora shi a kan takarda, rami ya hau kan rami. Gangar jikin daidai take, rai ne babu.

Na ɗauke shi zuwa Argungu. Malam Hantsi ya tsufa, Yaya. Idonsa ya yi rauni, sai ya kawo abu kusa da hancinsa yake gani, amma yatsunsa ba su manta komai ba. Na same shi a rumfarsa ta hanyar gulbi, injinan manoman shinkafa jere a gabansa suna jiran layi kamar marasa lafiya a asibiti. Ya karɓi ƙarfen, ya shafa shi, bai tambaye ni na wace mota ba ne. Ya ture aikin mutane gefe, wani manomi ya fara ƙorafi, ya ce masa, “Shinkahwarka ta yi haƙuri, wanga na Umaru na.”

Kwana uku famfon ya yi a jiƙe cikin man gas. Rana ta huɗu ya gasa gangar jikin a wuta, ya kafa ta ƙarƙashin wani ƙaton ƙarfen gada, ya sa jak ɗin mota ya tura sandar tsakiya a hankali har ta fita da ƙara kamar an harba bindiga. Ya cire mataccen boris ya sa sabo. Sil irin na motar babu shi a duniya, sai ya kwance na ƙaramin injin ban ruwa, ya goge mazauninsa da zarto har ya zauna daram. Ya ce wannan dabara shi da Baba suka gano ta suna samari. Farfelar da ke kaɗa ruwan ta rasa haƙori ɗaya, ya cike da walda, ya goge. Tazarar da ke tsakanin farfela da jikin famfo da reza biyu ya auna ta. Da ya gama ya kai shi kunnensa ya juya da yatsa. Shiru, sumul.

Sai ya faɗi maganar da na rubuto wannan wasiƙa har da dalilinta, ko da yake ba ita ce babban dalilin ba. Ya ce, “Wanga ya ci muna mako guda don gawa na. Na asalin da Umaru ya ce zai kawo min, yini ɗaya za mu yi. Ciwon yini guda na.”

Yini ɗaya, Yaya Bashar. Asabar ɗaya. Da ka haƙura daga Alhamis zuwa Asabar, da Baba ya yi shekara biyun ƙarshensa a bayan sitiyari, ba a kan benci ba. Na nemi babbar kalmar da zan lulluɓe wannan da ita, a Hausa da Larabci, ban samu ba. Na bar maka shi tsirara.

Na dawo gida na kankare tsohon gasket, takardar nan da ke shiga tsakanin famfo da inji, da wuƙa, na yanka sabo a kan zanen buhun siminti. Na ɗaure notuna ɗaya nan ɗaya can, a gicciye, kamar yadda Malam Hantsi ya ja mini kunne. Yatsuna biyu sun fashe. Na je ɗibar ruwa, na tarar randa cike: ashe tun rasuwar Baba, Inna ce ke tacewa tana zubawa duk ruwan da aka yi, ita da ta ce motar ko akuya ba ta ɗauka. Na cika lagireto. Ko ɗigo bai zuba ba.

A nan ne, ina tsaye da bel a hannu ina shirin shiga tarihi, na ga babu inda zan rataya shi. Famfon ƙetare ya zo babu fuli, wato faifan ƙarfen nan da ake ɗaurawa a hancinsa, wanda bel ke hawa ya juya shi. Oga Obinna ya zazzage shagonsa, babu mai zurfin da ya dace. Malam Hantsi ya sa an ƙera ɗaya da kintace, bel ya yi tsalle tun muna ƙofar gida. Aka ƙera na biyu. Da shi Tsattsewa ta tashi, Yaya, ta tashi da muryarta ta da, har Inna ta fito zaure babu mayafi. Na tuƙa ta zuwa unguwar Gesse, kafin in juyo bel ya tsinke ya zama zare, domin fulin ya karkace da abin da bai fi kaurin tsinke ba. Mutane suka taya ni turo ta gida. Malam Hantsi ya ce idonsa ya kai iyaka: ba zai ƙara kintace ba sai ya riƙe na asali.

Shekaranjiya ka ɗora hoto. Kana tsaye a ƙofar shagonka na takalma, cikin farar shadda, ka yi ƙiba, ka rubuta godiya ga Allah a ƙasa. Na taya ka godiya. Sannan idona ya sauka a ƙasan ƙofar da ke bayanka, inda aka tokare ta da wani abu don kada iska ta rufe ta. Na buɗa hoton da yatsu biyu har ya dushe. Na kai wa Oga Obinna, ya sa tabarau, ya cire, ya ce, “Shi na.” Ga ɗigo uku da Baba ke bugawa da ƙusa a kan duk ƙarfen da ya taɓa gyarawa. Ga fulin a hancinsa, bai ko motsa ba.

Na yi fushi yini guda cur, fushin da ban taɓa yin irinsa ba. Famfon Tsattsewa, wanda aka wanke da kananzir aka ɗora a faranti, ya zama matokarin ƙofa. Na rubuta maka wata wasiƙar kafin wannan, wadda da ka karanta da ba mu sake gaisawa ba har lahira. Na goge ta.

Na goge ta ne domin na zauna na yi tunani. An ce ka sauya gari sau biyu, ka sauya ɗaki ban san sau nawa ba. Mutum ba ya yawo da ƙarfe mai nauyin nan shekara huɗu don yana rashin dutsen tokare ƙofa. Na san ka, Yaya. Ka isa kasuwar, ka ɗora shi a tebur ɗari, aka ce maka babu. Ka kasa dawowa ka dubi Baba ka ce shi ne da gaskiya. Ka ce sai mako mai zuwa. Mako ya zama wata, kunya ta yi nauyi, har aka kira ka aka ce ya rasu, daga nan kuma ta fi ƙarfin ɗauka. Ka ajiye shi a inda za ka riƙa ganinsa kowace safiya in ka buɗe shago. Ban san ko hukunci ne ka yanke wa kanka ba, amma na san ba mantuwa ba ce.

Kai ne wanda, shekarar da na faɗi jarrabawa na ƙi cin abinci, ka ce wa Baba ciki na maka ciwo don layin Asabar ya tsallako kaina. Na san ƙarya ka yi, domin da muka fita na hango ka ta madubi kana tsaye a ƙofar gida kana ɗaga mana hannu, lafiyarka lau. Ban taɓa gaya maka na gani ba. Yau na gaya maka, a gaban mutane.

Ba zan ce ka zo ba. Na daina faɗin haka, kuma ba ni da ikon yafe abin da ba ni aka yi wa ba. Abin da zan iya shaida shi ne, Baba bai taɓa ambaton sunanka da ɗaci ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Mahaliccinsa. Ɗacin nawa ne, ni na tara shi, kuma ni zan san yadda zan yi da shi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata makwancinsa, Ya sa ya huta da jira. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya da tsawon kwana, Ya nuna mata abin da take saurare. Kai kuma Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya sa albarka a shagonka, Ya sauƙaƙa maka abin da ya yi maka nauyi, Ya buɗe maka hanyar gida a ranar da ƙafarka za ta iya ɗaukarta. Amin.

Bayan haka, ga maƙasudin wannan takarda.

Ka aiko mini da fulin. Noti huɗu ne ke riƙe da shi, sifana lamba goma, ka fi ni sani. Idan sun ƙi, ka ɗiga musu kananzir ka jira kaɗan. Kada ka aiko da famfon duka, ƙofarka za ta rufe. Motocin albasa na Argungu suna juyowa ranar Alhamis. Ka ba kowane direba a cikinsu, ka ce na gidan Malam Umaru Makanike ne, babu wanda zai ƙi karɓa. Ba sai ka rubuta komai ba, ba sai ka kira ba.

Ka haɗo da notunan. Na san halinka.

Ƙanenka,
Mu'azu,
Nassarawa, Birnin Kebbi.